Amsoshin Tambayoyinku: wayar faiba ba ta netwok kaɗai ba ce

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Kaduna garin gwamna. Tambayoyin da muka tsinto yau duk a kan abu ɗaya suke, wato wayar nan ta faiba da ake ta haƙa gefen titi ana binnewa, kuma saƙonnin da yawa wallahi, wasu ta WhatsApp wasu ta tes, har da wanda ya rubuto takarda da hannu aka kawo mana ofis, toh wanda bai ji tasa ba yayi haƙuri.

Ta farko daga wani direban keke ne a Kawo, yace: "Malam ance wai gilashi ne a cikin wayar nan da suke binnewa. Ya za'ayi gilashi ya zama waya? Kuma banda netwok tana da wani amfani?"

Toh ɗan'uwa ba'a yi maka ƙarya ba, gilashi ne, irin wanda aka tace shi tas daga sinadarin yashi, aka narka aka ja shi ya zama zare. Kaurinsa maikiron 125 ne, ma'ana in ka jera guda takwas gefe da gefe sannan zasu cika milimita ɗaya a kan rula, duk wannan baƙar robar mai kauri da kake gani sutura ce kawai dan kar ya karye. Shi zaren hawa biyu ne, akwai na tsakiya inda haske ke bi, sai wani gilashin da ya lulluɓe shi wanda haɗinsa ya ɗan bambanta, saboda wannan bambancin duk hasken da ya zo zai fita ta gefe sai ya dawo ciki, haka zai yi ta tafiya yana bin zaren ko an lanƙwasa shi, in dai ba'a karya shi da lanƙwasar ba. In kana so ka gani da idonka samu gorar ruwa ta roba ka huda ta daga ƙasa-ƙasa ta gefe, da dare, ka haska tocila mai ƙarfi ta ɗaya gefen daidai saitin hujin, zaka ga hasken yana bin ruwan da ke zubowa yana lanƙwasowa tare dashi. Wani malami Daniel Colladon ya nuna ma ɗalibansa wannan a birnin Janeba tun 1841.

Abin da mutane da yawa basu sani ba shine likitoci sun riga masu tarho cin moriyar zaren nan. A 1954 Harold Hopkins da ɗalibinsa Narinder Kapany ɗan Indiya suka tura hoto ta cikin damin zaren gilashi a Landan, shekara uku bayan nan an riga an leƙa cikin mutum dashi. Maganar sadarwa sai a 1966 Charles Kao ya kawo hujjar cewa in an tace gilashin sosai zai kai saƙo nesa, sai 1970 kamfanin Corning na Amurka suka iya ƙera irinsa. Kaga kenan netwok daga baya ya zo. Sauran amsarka kuma ka biyo mu, tana cikin tambayoyin da ke tafe.

Sai wata Hajiya daga Tudun Wada, tace maigidanta ya daɗe yana fama da olsa, an sha magani an gaji, yanzu likita yace za'a zura masa wata waya ta baki a duba cikin, wai endoskofi, shi kuma ya ƙi yarda, 'yan uwansa na cewa ai in aka sa ma mutum wannan abin to tashi ta ƙare. Tana tambaya mene ne abin, kuma akwai haɗari?

Hajiya Allah ya ba maigida lafiya, kuma don Allah ki kunna masa wannan ɓangaren ya ji da kunnensa. Abin da za'a zura ɗin wata roba ce mai laushi, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma cikin mutum duhu ne ƙirin, toh dole sai an kai fitila can ciki, amma ba za'a sa ƙwan lantarki mai zafi a tumbin mutum ba, shine ake ajiye fitilar a waje a cikin na'ura, zaren gilashi ya ɗauki hasken zalla ya kai shi ciki. Na farko-farko har hoton ma ta zaren yake dawowa. Ki ɗauka tsintsiya ce da aka ɗaure, kowane sili yana ɗauko ɗigo ɗaya na hoton daga wancan bakin zuwa wannan, in silayen dubu goma ne kin samu ɗigo dubu goma, kuma dole yanda aka jera su a can haka suke a jere a nan, in suka cakuɗe hoton ya watse. Na zamani yawanci 'yar kyamara ce ake maƙalawa a bakin robar, likita na kallo a talabijin, amma hasken har gobe yawanci zaren gilashi ke kai shi.

Kafin zuwan wannan abu wahala ake sha ba kaɗan ba. A 1868 wani likita a Jamus, Adolf Kussmaul, sai da ya nemo ɗan wasan da ke haɗiye takobi sannan ya samu wanda zai iya haɗiye miƙaƙƙen bututun ƙarfe, kuma duk da haka bai ga abin kirki ba saboda ƙarancin haske. Mai lanƙwasa ɗin nan a jami'ar Mishigan ta Amurka aka haɗa shi, Dakta Basil Hirschowitz haifaffen Afirka ta Kudu, tare da wani ɗalibi Larry Curtiss wanda shi ya gano dabarar lulluɓe zaren da wani gilashin. A watan Fabrairun 1957 shi Daktan da kansa ya fara haɗiye abin kafin ya sa ma kowane majiyyaci.

Toh Hajiya aikin ba tiyata bane, ba'a yanka komai, za'a ce kar ya ci abinci na wasu awanni, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, wani lokacin a ɗan yi masa allurar da zata kwantar masa da hankali, yawanci cikin mintoci kaɗan an gama kuma ranar zai dawo gida. Akwai ɗan shaƙewa da yunƙurin amai, maƙogwaro na iya yin ciwo kwana ɗaya, matsala babba kuwa ba kasafai ake samu ba kuma likitan zai yi masa bayaninta kafin a fara. Abin da yake damuna ni shine wancan zancen na 'yan uwa, domin abin da ke faruwa mutane basa yarda a duba su sai ciwo ya ci ƙarfinsu, sai a duba a makare, in Allah ya yi ikonsa sai ace ai wayar ce. Alhali ta wannan robar ne likita zai ga ko gyambo ne, ko jini ke tsiyaya ya tsayar dashi nan take, ko ya ɗan tsinko tsoka ƙanƙanuwa a kai lab a gani ko akwai ƙwayar cutar da ke haddasa olsar, ko wani abu ne daban da maganin olsa na shekara goma ba zai taɓa shi ba. Ki lallashe shi ya je.

Tunda muna asibiti bari in ƙara biyu. Masu tsakuwar ƙoda, yanzu akan bi ta mafitsara da siririn abin leƙe, a tura zaren gilashi da bai kai rabin milimita ba har ya taɓa tsakuwar, a sako hasken leza, wato wani haske mai ƙarfi da ke tafiya a saiti ɗaya, ta ciki ya farfasa ta ta zama gari ko ƙanana, ba tare da an tsaga mutum ba. Sannan jarirai masu shawara akwai wani ɗan bargo da aka saƙa da irin zaren nan mai fitar da haske, ana naɗa ma jariri a jiki uwa na iya riƙe shi tana bashi nono ana maganin. Iyaye mata in kun ga idon jariri ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a auna, a daina tsayawa ruwan gulukos da shanya shi a rana, shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Ga wata kuma da na ji daɗinta, daga wani mai walda a tsohuwar Panteka. Yace yana ganin bidiyon 'yan Chana a TikTok suna yanka faranti da wani inji ba gas ba dis, yankan kamar an zana da biro, har da wani na hannu da suke walda dashi ba ilaktirod, ance masa faiba leza ne, yana so ya sani ko daidai yake da faibar netwok, kuma ya tara kuɗi ya saya ko kar ya saya.

Oga sannu da aiki. Dangi ɗaya ne amma aikin daban. A wannan injin zaren ba ɗaukar hasken kawai yake ba, a cikinsa ake haifar da lezar. Ana zuba ma gilashin tsakiyar wani sinadari da ake kira itabiyam tun wajen ƙera shi, sai a jera ƙananan fitilun dayod masu yawa suna ɗura haske a cikin zaren, sinadarin ya sha wannan hasken ya sake shi a matsayin haske iri ɗaya tak mai tafiya a saiti ɗaya, yana ƙara ƙarfi yana bin zaren, in ya fito ta kan injin sai madubi ya tattara shi a ɗigon da bai kai kan allura ba. Kilowat ɗaya ko biyu ko uku a ɗigo irin wannan ƙarfe narkewa yake nan take, sai iskar da ke fita ta bakin ta hure narkakken ta ƙasa, ga baƙin ƙarfe akan sa oksijin, ga silba mara tsatsa akan sa naitirojin dan bakin yankan ya fito fes bai ƙone ba. Elias Snitzer ne ya fara yin leza a gilashi tun 1961, amma sai wajen shekarun 2000 ta yi ƙarfin da ta shiga masana'antu sosai, yanzu kamfanonin ƙera mota da batir da ita suke ɗinke ƙarfe, har lambar da kake gani an zana a jikin sifana ko bayan waya yawanci ita ce. Abin da ya sa ta kori tsohuwar leza mai gas a wajen yankan faranti shine cin wuta, waccan kusan kashi 10 cikin 100 na wutar da ta sha take mayarwa haske, wannan kuwa tana haura kashi 30, ga shi babu jerin madubai da za'a yi ta saitawa. Amma bata dace da katako ko farar roba mai gani-har-hanji ba, masu wannan aikin mai gas ɗin ce tasu.

Maganar saye kuma, ni dai zan ce ka fara lissafin wuta kafin lissafin inji. Abin baya son wutar da ke hawa tana sauka, manyan suna buƙatar layi uku, akwai na'urar sanyaya ruwa da dole ta yi ta aiki, ga silindar gas, ga ɗan gilashin kariya na bakin da ake canzawa a kai a kai, kuma ƙura abokiyar gabarsa ce, kai kuma ka san Panteka ka san hunturun Kaduna. Ka tambayi mai sayarwa wa zai gyara in ya tsaya kuma a ina yake zaune. In kun haɗu ku biyar ko goma a ƙungiyance kun sayi teburin yanka guda ɗaya kun killace masa ɗaki, kowa na kawo zanen get ɗinsa da tagoginsa ana yanka masa, ina ga ya fi ma kowa alheri akan mutum ɗaya ya zuba duk jarinsa.

Sannan ka saurare ni da kyau a nan, dan Allah. Hasken wannan lezar ido baya ganinsa sam, tsawon zangonsa wajen nanomita 1,070 ne, ya wuce ja, jan ɗigon da kake gani na saiti ne kawai. Walda ta gargajiya in ta haske ka zaka runtse ka kau da kai, ka kwana da ciwon ido gobe ka warke. Wannan ba zaka runtse ba tunda baka gan shi ba, zai ratsa har bayan ido ya ƙona wajen da ke gani, kuma wannan ƙunar bata warkewa. Baƙin gilashin waldarka baya tare shi, sai tabarau na musamman da aka rubuta ma lambar wannan hasken a jiki. Kuma yana dawowa in ya bugi alminiyam ko silba mai sheƙi, yaron shago da ke tsaye can gefe yana kallo ko mai tallar abinci da ta zo wucewa duk yana iya samunsu. Wanda zai sayi na hannu ya yi walda dashi a bakin titi yanda muka saba, gara ma kar ya saya.

Tambaya ta gaba daga wani dattijo ne a Rigasa, tsohon ma'aikacin reluwe, da hannu ya rubuto. Yace ya ji ana cewa a ƙasashen waje waya na jin tafiyar mutum a gefen layin dogo ko bututun mai, shin gaskiya ne ko tatsuniya ce.

Baba ranka ya daɗe gaskiya ne, kuma a ganina duk cikin aikin zaren nan babu wanda ya shafe mu kamar wannan. Yanda abin yake, gilashin duk tsabtarsa akwai 'yan ƙananan gurɓi a cikinsa da ido baya gani, in aka harba ɗan guntun haske ya shiga, kowane wuri da ya wuce sai wani ɗan mitsitsin kaso ya dawo baya. Haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, toh in na'ura ta ƙirga lokacin da ya ɗauka ya dawo ta san daga ina ya dawo, wanda ya je kilomita 10 ya juyo zai iso cikin kashi ɗaya bisa 10,000 na daƙiƙa. Yanzu in wani ya buga diga a ƙasa kusa da inda aka binne wayar, ƙasa zata girgiza kaɗan, zaren ya ɗan miƙe ya koma, miƙewar da ko kusa hannu ba zai ji ba, amma hasken da ke dawowa daga daidai wannan wurin zai canza. Na'urar tana harbawa sau dubbai a daƙiƙa tana kwatanta na yanzu da na ɗazu. Waya mai kilomita 40 in aka raba ta mita goma-goma ka samu wuraren saurare 4,000 kenan, babu batir babu sola babu wani akwati a daji da za'a sace, na'ura ɗaya ce a ɗaki a ƙarshen layin. Kwamfuta kuma ana koya mata ta bambance takun mutum da na shanu, da babur, da haƙa, da jirgin kansa, har ta faɗi inda jirgi yake da gudunsa, da taya mai lahani, da dutse in ya faɗo kan layi.

Akwai kuma mai auna zafi da irin wannan dabarar, ita launin hasken da ya dawo take dubawa, ta baka zafin kowane mita na wayar. Masu haƙar mai suna zura ta cikin rijiya su ga daga wane zurfi mai ke shigowa daga wane ruwa ke shigowa. A bututun gas in ya huje gas ɗin da ke fita da ƙarfi sanyaya ƙasar wajen yake, sai wurin ya fito a allo. A madatsar ruwa ta ƙasa ana binne ta a jikin ganuwar, duk inda ruwa ya fara tsatsafowa ta ciki zafin wurin zai bambanta da na kewaye tun kafin a ga danshi a waje, duk wanda ya ga abin da ya samu Maiduguri a Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ya san darajar a sani da wuri. Gadoji ma haka, akwai wani nau'in da ake yi ma zaren 'yan zane-zane a ciki, wanda Ken Hill ya gano a Kanada a 1978, ana manna shi a jikin kankare ko ƙarfe yana faɗin yanda gada ke lanƙwasa in tirela ta hau.

Baba kai ka fi ni sanin layin dogon nan, daga Rigasa zuwa Idu kilomita 186 ne, an buɗe shi a 2016, kuma babu ɗan Kaduna da zai manta daren 28 ga Maris 2022 da aka dasa abin fashewa a kan layin aka kai ma jirgi hari, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya ƙara ma iyalansu haƙuri. Ga bututun ɗanyen mai da ke tasowa tun daga kudu zuwa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, ga na gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614. Duk dogayen abubuwa ne da suka ratsa daji inda ba za'a iya tsayar da mai gadi kowane kilomita ba, kuma irin wurin da aka yi wannan fasahar dominsa kenan. Sai dai ina so mu faɗa ma kanmu gaskiya, wayar zata ce ana haƙa a kilomita kaza da ƙarfe biyun dare, iyakarta kenan. Sai an samu wanda ke zaune gaban allon idonsa biyu, da wutar da bata ɗaukewa, da wanda zai ɗaga waya in an kira shi, da mota mai mai a ciki da jami'an da zasu isa wurin, da direban jirgin da za'a iya tsayarwa. Kuma watannin farko ƙararrawar ƙarya zata yi yawa, garken shanu zai wuce ta yi kuka, manomi zai yi huɗa ta yi kuka, in ba'a yi haƙurin koya mata yanayin wurin ba ma'aikata zasu gaji su kashe sautin. Ni abin da nake roƙo in za'a kashe kuɗi a kan irin wannan, a ware na horar da yaranmu da albashin masu zaman dare tun a cikin kwangilar, muna da matasa a garin nan da suka iya haɗa zaren faiba da injinsa na musamman suna yi ma kamfanonin waya aiki, rabin ilimin yana hannunsu, karatun fassara abin da na'urar ke nunawa ne ya rage.

Wata malamar makaranta daga Kwoi ta tuna mana da motsin ƙasar da aka yi a garinsu a Satumban 2016, tace ko wannan wayar zata iya faɗa kafin a yi. Malama a'a, babu wata na'ura a duniya yau da ke faɗin ranar da girgizar ƙasa zata zo, duk wanda yace miki yana da ita kar ki yarda. Abin da wayar ke yi shine ji da aunawa in an fara. A Kalifoniya masana sun ari wata waya mai kilomita 20 a ƙarƙashin teku na 'yan kwanaki suka mayar da ita wuraren awo 10,000, suka ji girgiza har suka gano tsagogin ƙasa da ba'a san dasu ba, an wallafa aikin a 2019. A 2021 kuma aka nuna wayar Google mai kusan kilomita 10,000 daga Los Anjalas zuwa Chile tana jin girgizar ƙasa alhali tana cikin aikinta na intanet. Amfanin wannan garemu shine tashoshin awon girgiza tsada garesu kuma kaɗan ne, wayoyin kuwa an riga an binne, kuma a cikin kowace akan bar wasu silayen ba'a kunna ba, jami'o'inmu zasu iya neman aron sili ɗaya su saurari ƙasan Kwoi ko Mpape ta Abuja da ita ma ta motsa a 2018.

Sai wani ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, shi tambayarsa gajera ce, wai ina faiba take a jikin jirgi. Ƙanena tana cikin abin da ke faɗa ma jirgi ya juya ko bai juya ba. Ana naɗe zare mai tsawon ɗaruruwan mita a ɗan ƙaramin kurtu, a raba haske biyu ɗaya ya bi ta dama ɗaya ta hagu, in kurtun a tsaye yake tare zasu iso, in ya juya ko yaya ne ɗaya zai riga ɗaya da ɗan kaɗan, daga wannan tazarar ake lissafa juyin. Bafaranshe Georges Sagnac ya nuna asalin abin a 1913, aka fara yinsa da zaren gilashi a jami'ar Yuta a 1976. Babu abin da ke juyawa a ciki balle ya cinye, kuma baya jiran tauraron ɗan adam, shi yasa jiragen ruwa da na sama da masu nutso suke amfani dashi, har motocin nan Curiosity da Perseverance da ke yawo a duniyar Mas. Injiniyoyinku kuma suna da abin leƙe irin na likita da suke zurawa cikin injin jirgi su duba fukafukan ciki ko sun tsage ba tare da an kwance injin ba.

Masu nazarin taurari ma bari in faɗa maka tunda kai mai son sama ne. A da in ana so a san nisan wani gungun taurari sai an saita madubin hangen nesa a kansa shi kaɗai a tsaga haskensa zuwa launuka. Wani shiri da aka fara a 2000 a jihar New Mexico sai suka riƙa huda faifan alminiyam huji 640, kowane huji daidai inda wani gungu zai faɗo, mutane su bi da hannu suna cusa zare ɗaya-ɗaya, kowane zare ya kai hasken nasa gungun zuwa na'urar awo. Yanzu akwai DESI a Arizona da ta fara aiki a 2021, zare 5,000 kowanne da ɗan mutum-mutuminsa da ke saita shi, in an gama da wannan yankin sama cikin mintoci su sake jeri, da haka suka auna gungu miliyoyi suna zana taswirar sararin samaniya.

Ta ƙarshe da lokaci zai bamu daga wani mai sayen kayan gwangwan ne a Kakuri, kuma na yaba masa da ya tambaya, yace yara na kawo masa guntayen wayar nan, akwai jan ƙarfe a ciki? Kuma tana jan mutum? Malam babu jan ƙarfe a irin wadda ake binnewa a titunanmu, gilashi ne da roba da wani jel, wata da ɗan siririn ƙarfe na ƙarfafawa da bai kai kuɗin ɗaukarsa ba, in ka ƙona ta hayaƙi mai guba kawai zaka shaƙa. Ka daina karɓa kuma ka faɗa ma yaran, domin wanda ya yanke ta ya katse ma unguwa guda banki da POS da kiran asibiti a banza, kuma tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne babba. Ita kanta bata ɗauke da lantarki, shi yasa ma ake sa ta cikin manyan taransifoma tana auna zafin naɗin waya daga ciki inda in ka sa wayar ƙarfe wuta zata biyo ta, haka a ramin haƙar ma'adinai da ma'ajiyar fetur inda tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Amma in ka ga wadda ta tsinke tana reto daga fol kar ka taɓa, baka san me ta haɗu dashi a sama ba, kar kuma ka kai bakinta ido kana leƙe dan hasken da ke ciki baya ganuwa, kuma ka hana yara wasa da silayen, in guntu ya shige fata ko ido fitar dashi sai asibiti.

Masu tambaya kan kuɗin jawo faiba gida da na Sabon Tasha da ya tambayi inda ake koyon haɗa ta, mun ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu. A ci gaba da turowa ta lambar da kuka saba, a rubuta unguwa. Wassalamu alaikum.